Miyar Darakta Ba Ta Bin Layi

Wani ne a nan Gusau, masinja a wata ma'aikata. Ba zan faɗi sunan ma'aikatar ba, don na san a cikinku akwai mai ɗan uwa a can. Shekara goma sha ɗaya yana aikin wucin gadi. Sha ɗaya fa, jama'a! Waɗanda ya nuna wa ƙofar bayi ranar da suka kama aiki, yanzu su ke aikensa sayen goro. Shi kuwa kullum maganar ɗaya ce: ana kan duba takardunka.

Rannan sai Allah ya yi, aka buga takardar tabbatar da shi a aiki. Saura abu ɗaya tak, Darakta ya sa hannu. Mutumin naku ya karɓi takarda, ya naɗe ta a leda, ya ƙulle. Ya sa ledar a wata ledar, ya ƙulle. Ya ƙara ta uku, wai saboda damina. Ya cusa a aljihun ƙirji. Ko atishawa zai yi sai ya dafe wurin.

Ya shiga ofishin Darakta, ya durƙusa.

Darakta, Alhaji Abdulƙadir ke nan, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Gobe ina da rangadi. Tsafe da safe, Bungudu da rana, duba rijiyoyin burtsatse. Mai kula da abincina ya tafi jinyar uwarsa. Kai za ka bi ni. Ka kula da cikina gobe, in sa maka hannu."

"An gama, ranka ya daɗe! Ko ƙuda ne ya nufo kwanonka, sai ya bi ta kaina."

"Fita."

To ga inda matsalar take. Daraktan nan jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Ko kaɗan. Ku ji fa! Mutum a Zamfara, a ce gyaɗa ce abokiyar gabarsa. Ina zai sa kansa? Tsire da ƙuli, kwaɗo da ƙuli, yaji da ƙuli, ƙosai a man gyaɗa. Ni da ni ne, wallahi canjin jiha zan nema.

Washegari da sassafe mutumin ya isa gidan Darakta a Damba. Matar gidan, Hajiya Wasila, ta fito ta tsayar da shi a bakin ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa. Da gani ka san hankalinta bai kwanta ba.

Ta ce, "Ka san ciwon Alhaji?"

"Na sani, Hajiya. Ciwon suga."

"Ba shi ba."

"Hawan jini."

"Ba shi ba."

"To Hajiya, ai manya waɗannan biyun ne nasu."

"Gyaɗa ce."

"Af! Dafaffiya yake so ko soyayya? Akwai mai kyau a bakin tasha."

Hajiya ta ja dogon numfashi. Ta ce, "Buɗe kunnenka. In gyaɗa ta shiga bakinsa, leɓe ya kumbura, ido ya rufe, maƙogwaro ya shaƙe. In ba a yi sauri an kai shi asibiti ba, sai dai wani labarin. Ka gane?"

"Inna lillahi! An gwada rubutu kuwa? Akwai wani malami a 'Yandoto..."

"Likita ya ce magani ɗaya ne, kada ya ci."

"Ƙuli fa?"

"Da me ake yin ƙuli?"

Ya ce, "Haka ne."

"Kuma ba sai ya gan ta da ido ba. Ko cokalin da ya taɓa ta, ko tukunyar da aka dafa ta, ko turmin da aka daka ta. Maimaita in ji."

"Cokali, tukunya, turmi."

"Sake."

"Cokali, tukunya, turmi."

Ta shiga ta fito da wata kula mai hawa uku. Farar shinkafa, miyar manja, naman rago. Ta ce, "Da hannuna na dafa. Wannan kaɗai zai ci yau. Ni Kaura zan tafi biki, sai gobe. Amana ce na ba ka."

Ya rungume kula. Suka shiga mota, direba Arzika ya ja. Mutumin yana gaba, bakinsa na motsi kamar mai hadda. Cokali, tukunya, turmi.

Suka biya ofis ɗaukar fayil. Nan ne fa tunani ya zo masa, kuma kun san irin waɗannan, da tunani ya zo musu an shiga uku. Ya dubi kula. Ya ce a ransa, Darakta guda, ya shiga garin mutane da abincinsa a hannu? Me mutanen Tsafe za su ce? Ko su ce ya raina tukunyarsu, ko su ce yana zargin za a sa masa wani abu. Wannan ai zubar da girman ma'aikata ne. Hajiya mace ce ta gida, ba ta san yadda ake aikin gwamnati ba.

Ya zagaya wurin maigadi, wani tsoho Baba Yari. Ya ce, "Baba, ajiye mini wannan sai mun dawo."

Baba Yari ya karɓa, ya ji nauyinta, ya sunsuna. Ya ce, "Allah ya tsare hanya. Kada ku yi gaggawa."

Suka isa Tsafe da hantsi. Aka kai su wurin rijiya. Wani ƙato ya kama hannun famfo ya yi ta bugawa. Famfo ya yi tari, ya yi kaki, bai kawo ko ɗigo ba. Darakta ya gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi kyau. Aka yi hoto. Duka-duka minti biyar.

Daga nan sai gidan ɗan kwangilar da ya haƙa ta, Alhaji Mannir. To shi nan ya yi aikin gaske. Zabi soyayyu guda shida. Waina tire guda. Miyar taushe. Hoce, gurasar dawar nan tamu. Kwaɗon zogale. Kunu. Fura a ƙwarya sabuwa. Aka jera a tsakar falo, har ba wurin miƙe ƙafa.

Alhaji Mannir ya ce, "Bismillah, ranka shi daɗe. Ba yawa, a yi haƙuri." Ya ja mutanensa suka fita, ya rufo ƙofa. Kun san dai ba a tsaya wa baƙo a ka yana cin abinci.

Darakta ya juyo. Ko kalaci bai yi ba a gida. Ya ce, "Ina kulata?"

"Tana wuri mai aminci, ranka ya daɗe."

"Ina?"

"Gusau."

Darakta ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa. Arzika ya ce bari ya je ya duba taya.

Mutumin ya ce, "Kada ranka ya ɓaci. A cikin waɗannan kwanuka duka, ba za a rasa wanda za ka ci ba. Bari in yi bincike."

Ya fita ya yi sallama a ƙofar cikin gida, ya ce a turo masa wadda ta yi girki. Sai ga wata tsohuwa, Inna Lantana, tana share hannu da gefen zane.

"Inna, da wane mai aka soya zabin nan?"

"Man gyaɗa mana. Sabon matsa, jiya-jiya anka yi shi."

"Waina fa?"

"Shi dai."

"Miya?"

"Mudu guda na zuba mata. Baƙon ai babba ne."

"Hoce?"

"Hoce ba ƙuli, ɗan nan? So kake a zage mu?"

Gumi ya fara keto masa. Ya ce, "To fura?"

"Hura gero ce zalla, sai ɗan kayan ƙamshi."

"Alhamdu lillahi!" Har ya juya, sai hadda ta faɗo masa. Ya dawo. "A wane turmi aka daka?"

"Turmi nawa kake zaton muna da shi? Guda ne."

"Ana daka ƙuli a ciki?"

"Tun ba a haihi ubanka ba."

Ya dafe kai. Ya yi mata bayani, daga leɓe har maƙogwaro. Inna ta saurara baki buɗe.

Ta ce, "Gyaɗa? Gyaɗar ga da muke ba jinjiri kununta? Ɗan ina ne shi?"

"Ɗan nan ne, Inna."

"To boko ne ya yi mishi yawa. Ji nan, kada ka gaya mishi. Ya ci bai sani ba, ka ga in wani abu zai same shi."

Wallahi sai da ya tsaya ya auna maganar. Amma ya dafa aljihun ƙirji, ya ji leda ta yi ƙara. Ya ce a'a.

Ya koma falo ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, na gama bincike."

"Wanne zan ci?"

"Ruwa."

Sai kuma wata matsalar ta taso. Kwanuka fa ba za su koma cikin gida yadda suka fito ba. In suka koma a cike, kafin azahar duk Tsafe ta ji cewa Darakta ya wulaƙanta gidan Alhaji Mannir. Darakta ya sani, shi ma ya sani.

Ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, zan rufa maka asiri."

Ya kira Arzika, suka zauna. Arzika ya ci zabo ɗaya da waina biyar, ya ce shi tuƙi zai yi, ya ja baya. Mutumin naku kuwa ya ce shi aikin gwamnati yake. Ya bi zabi ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙwaƙule miya. Ya bi hoce da kunu. Darakta na kan kujera da gorar ruwa a hannu, yana kallo, cikinsa na ƙugi har Arzika na waiwaye.

Yana tauna ƙashi ƙurus-ƙurus, ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gode wa Allah da ba ka taɓa wannan miyar ba. Da ka fara, wallahi ba za ka iya tsayawa ba."

Darakta ya ƙara kurɓar ruwa.

Da Alhaji Mannir ya dawo ya ga kwanuka fes, daɗi ya kashe shi. Ya ce, "Ma sha Allah! Ashe Darakta namu ne! Har kwaɗon ya share?" Nan take ya ciro waya ya kira abokin kwangilarsa na Bungudu. A gaban kowa ya ce, "Ga su nan tahe. Ku ninka abinci. Mutumin na da ci, kuma ƙuli yake so, a zuba da yawa!"

Suka kamo hanya. Darakta na baya ya jingina, ido a rufe. Mutumin na gaba ya kwance mazagin wando, yana gyatsa yana neman gafara. Tunda hanyar Bungudu ta cikin Gusau ta bi, Darakta ya ce a tsaya ofis a ɗauki kula.

Baba Yari ya miƙo ta. An wanke ta tas, har tana ƙyalli.

"Baba, ina abin da ke ciki?"

"Na ga rana ta yi zahi, na ji tsoron kada ya lalace. Ku gaida Hajiya. Ku ce mata naman ya yi laushi."

Gidan Darakta a kulle, Hajiya ta tafi da makulli. Masu abinci na bakin hanya kuwa, da mutumin ya leƙa ya yi musu tambayoyinsa uku, ɗaya ta bi shi da muciya. Ga mutanen Bungudu suna ta kira, wai tun safe suke tsaye. Haka aka wuce.

A Bungudu ma ba a sha wahala ba. Wurin rijiyar allo ne kawai a kafe, an rubuta sunan aikin da fenti mai kyau. Darakta ya dubi allo, yunwa ta sa yana ganin rubutun bibbiyu. Ya ce aiki ya yi kyau. Aka yi hoto.

Aka kai su masauki. Jama'a, abin da aka jera a Tsafe wasa ne. Nan har da tsire tsinke hamsin, an yi masa ado da garin ƙuli har ba a ganin naman. Masu gida suka ce bismillah, suka ja ƙofa.

Mutumin ya yi ajiyar zuciya, ya fara naɗe hannun riga.

Darakta ya miƙe ya cafki wuyan rigarsa. Ya ce, "Wallahi in ka ƙara loma ɗaya a gabana, takardar nan sai dai ka ba mai ƙosai ta yi ƙulli da ita. Arzika ya san yadda zai yi da wannan. Kai kuwa ka tafi kasuwa. Ka dafa mini abinci da hannunka. Awa ɗaya na ba ka. In na ci na ƙoshi, a nan zan sa maka hannu."

Ya jefa masa kuɗi. Mutumin ya fita a guje, cikinsa na gaba yana biye.

Gaskiya a nan kam ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya sayi sabuwar tukunya. Ya sayi sabon cokali, sabon ludayi, sabon faranti. Duk da haka ya wanke su sau bakwai, har da ƙasa, kamar kare ya lasa. Mai shinkafa sai da ya rantse mudunsa bai taɓa auna gyaɗa ba. Mai manja kuwa ya sha tambaya har ya ce, "Malam, manja za ka saya ko aurena za ka nema wa wata?" Ya sayi tumatir, tattasai, attaruhu, albasa. Saura markaɗe.

Wata mata ta ce ga turmi, zo ka jajjaga. Ya daka tsalle baya. "Turmi? Allah ya kiyaye! Ina inji?"

Aka nuna masa injin wani Malam Lawali a bayan kasuwa. Ya isa ya tarar da layin mata, kowace da bokitinta, sun kai goma sha biyar.

To ku saurara da kyau a nan. Kafin isowarsa da minti biyu, wata mai ƙuli ta gama markaɗa soyayyar gyaɗa, daro biyu, ta ɗauke ta yi gaba. Cikin inji duk ya dame da ita. Kuma matan garin sun san dawar abin. Duk wadda kayan miyarta suka bi bayan mai ƙuli, ta samu gyaɗar miya kyauta. Har rigima ake a kan wannan wurin. Ranar wata Sa'adiya ce ta samu, tun hantsi take gadinsa, wasu ma har ta bari suka wuce ta don dai ta faɗo daidai.

Tana ɗaga bokitinta, sai ga mutumin ya ratso layi yana ture mutane.

"Hanya! Hanya! Aikin gwamnati!"

Sa'adiya ta ce, "Kai malam, lahiya? Layina ne!"

"Miyar Darakta ce."

"Ko ta wa ce! Tun hantsi nike jira don in bi bayan..."

"Bayan wa? Miyar Darakta ba ta bin bayan kowa! Ke tumatir ɗinki ma rabinsa ruɓaɓɓe ne. So kike na Darakta ya shiga bayan wannan, ya ɗauko wata cuta?"

Mata suka ɗauki salati. Inji na ta ƙara, ta-ta-ta-ta, kowa na ɗaga murya.

Malam Lawali, mutum ne mai son zaman lafiya, ya ce, "To malam, bari in ɗauraye inji tukuna."

"Ba lokaci!"

"Ai yanzu anka gama..."

"Ban tambaye ka tarihi ba! Ka san wanda zai ci abincin nan? Mai matakin albashi na goma sha shida! Awa ɗaya ya ba ni, rabi ya tafi. Zuba!"

Malam Lawali ya yi tunani. Ya ce a ransa, to ai shi ke nan, ashe garar gyaɗar suke so, kuma manya su suka fi cancanta. Ya zuba tumatir. Ya ɗauko ɗan itacensa ya ce, "Tunda na Darakta ne, bari in kankaro mishi duka, kada a bar komi ciki."

Mutumin ya ce, "Yawwa! Yanzu ka yi magana. Kankaro duka!" Shi a zatonsa tumatir ɗinsa ake nufi.

Malam Lawali ya kankare inji tas, lungu da saƙo. Markaɗe ya fito da kauri, yana sheƙi. Sa'adiya na kallo kamar ta yi kuka. Ta ce, "Allah ya isa. Ku ci, ku da Allah."

Mutumin ya koma bayan masauki ya haɗa murhu. Ya ja layi a ƙasa da itace, ya ce duk wadda ta tsallako sai ya kai ƙararta. Matan gidan suka tsaya daga nesa suna kallon namiji na girki. Wadda ta miƙo masa gishiri ma sai da ya ce ta nuna tafin hannunta, gaba da baya.

Miya ta fara tafasa. Ƙamshi ya tashi. Ta yi kauri, mai ya taso a kai. Ya ɗanɗana. Ya lumshe ido. Ya ce, "Kai! Ashe na iya girki, shekara da shekaru ina zaune ban sani ba."

Wata daga cikin matan ta ɗaga hanci ta shaƙa. Ta ce, "Malam, miyar ga kamar ta ji..."

"Ku ja baya! Hassada ce!"

Ya zuba shinkafa a sabon faranti, ya malala miya, ya shiga da ita da hannu bibbiyu. Ya tarar Arzika kwance a kan tabarma yana nishi, tsinken tsire zube a gefensa. Darakta kuwa ya yi laushi, hula a gefe.

Duk da yunwa sai da ya yi tambaya. Ya ce, "Cokali?"

"Sabo fil."

"Tukunya?"

"Ga takardar kamfani ma a jikinta ban ɓare ba."

"Turmi?"

"Ko inuwarsa ban taka ba."

"Ka ɗanɗana?"

"Ludayi uku, ranka ya daɗe. Ga ni garau."

Darakta ya ce bismillah. Loma ta farko, ya tsaya. Loma ta biyu, ya cire agogo. Kafin ka ce me, faranti ya koma fari. Ya ce a ƙaro. Aka ƙaro. Ya share gumi ya ce, "Kada ka gaya wa Hajiya, amma wallahi ba ta taɓa miya irin wannan ba. Me ka sa?"

"Kulawa ce kawai, ranka ya daɗe."

"Kawo takardar."

Wayyo! Mutumin ya dafe aljihun ƙirji. Shekara goma sha ɗaya! Ya ciro ƙunshi daga aljihu. Darakta ya zaro biro, ya cire murfi. Mutumin ya kama ƙullin leda ta farko. Ƙulli ya ƙi. Ya sa haƙori. Ta kwance.

Darakta ya ɗan sosa wuya.

Leda ta biyu. Gumi ya sa tana santsi. Ya yi ta fama.

Darakta ya sosa kunne. Ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ɗakin nan akwai sauro ne?"

"Saura ɗaya, ranka ya daɗe, saura ɗaya!"

Ya yage ta uku da ƙarfin tsiya, ya warware takarda, ya ɗago kai. Sai ya ga wani mutum daban a kan kujera. Leɓe ya yi suntum. Ido ɗaya ya shige. Biro ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina Darakta?"

Arzika ne ya yi ta maza. Ya manta da cikinsa, ya sungumi Darakta ya jefa a mota. Masu gida suka fito suna salati, ana tambaya ko tsiren ne bai ji ƙuli ba. Mutumin ya tsaya ɗaukar biro, sai da ya bi mota da gudu ya shiga ta taga.

Allah ya taimaka asibiti ba nisa. Wata nas, Husna, tana ganin fuskar ta gane. Ba ta tsaya neman kati ba, ta danna masa allura a cinya, aka sa masa abin numfashi, aka ɗaura ruwa. Aka yi ta fama. Can numfashi ya fara daidaita. Kowa ya ce alhamdu lillahi.

Sannan ta fito baranda ta ce, "Wa ya ba shi abinci?"

Arzika ya nuna da baki.

"Me ka ba shi?"

Mutumin ya gyara tsayuwa. "Shinkafa da miya. Cokali sabo, tukunya sabuwa, turmi ban taɓa ba. Kuma ni na fara ci, ludayi uku. Dube ni, akwai abin da ya kumbura?"

"Kai ke da ciwon ko shi? A ina ka markaɗa kayan miya?"

"A inji. Kuma ni na fara, ban bari na kowa ya riga nawa ba."

"Injin bayan kasuwa? Yau ai ranar masu ƙuli ce! Ka sa an wanke?"

"Ya so ya wanke, na hana shi. Lokaci."

Husna ta riƙe baki. Ta ce, "Bawan Allah, da ka bi layi, da mata goma sha biyar sun wanke maka shi da tumatir ɗinsu, mai inji ya ɗauraye. Kai ka kwashe gyaɗar daro biyu ka ɗura wa mutum!"

Ya ɗaga hannu sama. "Hajiya ba ta ce inji ba! Arzika, kai shaida ne. Cokali, tukunya, turmi. A ina ka ji inji?"

Arzika ya ce bari ya je ya duba taya.

Bayan la'asar aka ce ana iya ganin mara lafiya, amma kada a dame shi. Mutumin ya shiga a hankali, takalmi a hannu. Darakta na kwance. Fuska ta yi kamar ƙwaryar fura, idanu biyu sun rufe ruf, yatsu sun yi ɓul-ɓul.

Ya durƙusa a gefen gado. "Sannu, ranka ya daɗe."

Darakta ya yi gurnani.

"Allah ya ƙara sauƙi. Allah ya sa kaffara ce."

Gurnani.

Sai ƙarar takarda. Ya shimfiɗa ta a kan ƙirjin Darakta, ya goge ta da tafin hannu. Ya ce, "Dama ɗazu saura ƙiris. Ga biron, na tsinto maka."

Darakta ya yunƙura kamar zai tashi, ruwan da aka ɗaura ya yi ta lilo. Magana na fita da ƙyar ta tsakanin leɓɓa. Ya ce, "Kai! Ka ba maigadi abincina. Ka zauna ka cinye zabi biyar ina kallo. Ka ɗura mini abin da ya kusa kai ni kabari. Yanzu kuma takarda? Dube ni! Dube ni da kyau! Da wane idon zan karanta ta?"

Mutumin ya kamo hannun, ya soka biro a tsakanin kumburarrun yatsu.

Ya ce, "Haba, ranka ya daɗe. Shekara huɗu ina kawo maka takardu kana sa hannu, yaushe ka taɓa karanta ɗaya?"